Jean de La Fontaine: Malamin Dajin da Ya Koya wa Dabbobi Waƙa



Da Edita ya aiko mini da saƙo cewa a wannan fitowa ni ne zan cike filin tarihin shahararrun mutane, sai na ɗauki kwanaki ina jujjuya sunaye a zuciyata. Sarakuna an rubuta, malamai an rubuta, 'yan siyasar jamhuriya ta farko kuwa har an maimaita wasu. Daga ƙarshe dai na tsaya a kan wani Bafaranshe da ya rasu fiye da shekara 300 da suka wuce, wato Jean de La Fontaine, wanda mu a aji muke kira Lafonten. Na san 'yan ajinmu za su yi dariya idan suka ga sunana a ƙarƙashin wannan kanu, domin kowa ya san ni ne wanda ya yanki ciyawar bayan ɗakin karatu har sau biyu saboda waƙar wannan bawan Allah. To, a yi haƙuri a karanta, bashi ne nake son in biya.

Waɗanda muka yi aji uku tare za su tuna da hikayar Gyare da Tururuwa. A gaskiya ƙwaron da ke cikin waƙar ba gyare ba ne sosai, wani ɗan'uwansa ne mai kuka a kan itatuwa lokacin zafi, amma tun da malaminmu na Faransanci ya ce masa gyare, to gyare ya zama. Malam ya haddace waƙar tun yana firamare a ƙetaren iyaka, inda yara kan tashi da waƙoƙin Lafonten a baki, saboda haka bai ga dalilin da zai sa ƙatti irinmu su kasa ba. Yakan bugi tebur da rula yana ƙirga gaɓoɓi, bakwai, bakwai, bakwai. Amma ɗango na biyu gaɓa uku ce kawai, kuma a nan nake tuntuɓe kullum, in ƙara wata kalma daga aljihuna don in cike gurbin. Ni a zatona mai buga littafin ne ya yanke rabin layin. Da muka kai ƙara wurin malaminmu na Hausa, wanda a lokacin yake koya mana aruli, sai ya saurara, ya girgiza kai, ya yanke hukunci cewa wannan ai karyayyar waƙa ce, kuma da ɗalibinsa ne ya rubuta ta da bai ba shi ko rabin maki ba. Mun ji daɗin wannan hukunci ƙwarai. Sai bayan shekaru da yawa, ina zaune a ofis, na gane cewa malaman nan biyu kowannensu yana da tasa gaskiyar, amma na Faransancin ya fi kusa da ita.

An haifi Lafonten a garin Château-Thierry da ke bakin kogin Marne, gabas da birnin Faris, a watan Yuli na shekarar 1621. Mahaifinsa Charles shi ne jami'in sarki mai kula da dazuzzuka da ruwayen yankin, wato abin da mu za mu kira malamin daji. Gida ne mai rufin asiri. A 1641 yaron ya shiga makarantar horar da limaman coci a Faris, amma bai kai shekara biyu ba ya fito, don an ga hankalinsa ya fi karkata ga littattafan labarai da waƙoƙi. Daga nan ya karanci aikin lauya. A 1647, yana da shekara 26, aka aura masa wata yarinya 'yar shekara 14 mai suna Marie Héricart, suka haifi ɗa ɗaya a 1653. Auren bai yi armashi ba. Ba su rabu a gaban alƙali ba, amma sun raba dukiya a 1658, kuma yawancin rayuwarsu shi yana Faris ita tana gida. Ba zan yi masa kwaskwarima ba: a matsayin miji da uba, Lafonten bai cancanci yabo ba.

A matsayin ma'aikacin gwamnati ma haka. A Faransa ta wancan zamani muƙami abin saye ne da gado, kamar gona. Ya sami nasa muƙamin malamin daji a 1652, sannan ya gaji na mahaifinsa a 1658, ya riƙe har wajen 1671. Aikin ya ƙunshi zagaya daji, da duba sare itatuwa, da zaman sauraron ƙarar masu satar itace da masu farauta ba izini. Ya yi abin da ya yi, amma da a ma'aikatarmu yake, da fayil ɗinsa ya cika da takardun tuhuma. An tara labarai barkatai a kan mantuwarsa, har da wanda ake cewa ya taɓa haɗuwa da ɗansa bai gane shi ba. Irin waɗannan labarai sukan ƙaru a bakin masu ba da su, amma sun nuna yadda mutanen zamaninsa suka ɗauke shi: mutumin kirki, shiru-shiru, wanda jikinsa ke wuri ɗaya hankalinsa na wani wurin.

Littafinsa na farko, wanda ya juyo daga wani wasan kwaikwayo na Latin, ya fito a 1654, bai kuwa yi kasuwa ba. Sa'arsa ta buɗe ne lokacin da wani dangin matarsa mai suna Jannart ya gabatar da shi ga Nicolas Fouquet, ma'ajin ƙasar Faransa baki ɗaya. A 1658 Lafonten ya miƙa masa wata doguwar waƙa, shi kuma ya yanka masa albashi bisa sharaɗin ya riƙa kawo waƙoƙi duk wata uku. Fouquet mutum ne mai hannu sake, mai son masu fasaha, kuma ya gina wani ƙasaitaccen gida a Vaux-le-Vicomte wanda babu irinsa a ƙasar. Ranar 17 ga Agusta 1661 ya gayyaci matashin sarki, Luwi na 14, zuwa walima a wannan gida, aka yi wasan wuta, Molière ya nuna sabon wasan kwaikwayo. Sarki ya ci, ya sha, ya kalli dukiyar da ta fi tasa, ya koma gida. Dama shi da Colbert, wanda ke haƙon kujerar, sun riga sun gama shawara. Ranar 5 ga Satumba aka kama Fouquet a garin Nantes bisa zargin cin dukiyar baitulmali. Shari'a ta ɗauki shekara uku, alƙalai suka yanke masa hukuncin korar ƙasa, sarki ya ga hukuncin ya yi sauƙi ya mayar da shi ɗaurin rai da rai. A kurkukun Pignerol ya mutu a 1680. Maginin gidansa da mai zanensa da mai tsara lambunsa kuwa duk sarki ya kwashe su suka gina masa fadar Versailles.

A nan ne mutumin ya fara burge ni. Yawancin waɗanda suka ci tuwon Fouquet sun watse tun kafin a kwashe kwanuka. Lafonten, wanda ba shi da ƙarfi ba shi da gata, ya rubuta waƙar juyayi yana roƙon a tausaya wa ubangidansa, ya kuma ƙara da wata a 1663 kai tsaye zuwa ga sarki. A wannan shekara aka tura Jannart zaman dole a garin Limoges, Lafonten ya raka shi. Colbert ya tsara jerin marubutan da sarki zai riƙa ba fansho, sunan Lafonten bai taɓa shiga ba har ya mutu. Ba ina cewa Fouquet mai gaskiya ba ne, wannan aikin masu tarihi ne. Abin da na sani shi ne, lokacin da aka cire wani daraktan da ya riƙe ni kamar ƙaninsa, wata huɗu na yi ina shirin zuwa gaishe shi, kullum ina cewa sai ƙura ta lafa. Da na je, ya karɓe ni da fara'a, bai ce komai ba, kuma rashin cewar ya fi mini ciwo.

Daga 1664 Lafonten ya sami ɗan muƙamin hidima a fadar Luxembourg, gidan matar marigayi baffan sarki. A wannan lokaci ya fara fitar da wasu labarai cikin waƙa masu ɗauke da batsa, waɗanda suka yi masa suna, suka kuma jawo masa baƙin jini, har 'yan sanda suka hana sayar da wani kashi nasu a 1675. Ba su ne abin da ya kawo mu ba. A 1668, yana da shekara 46 (masu kukan cewa mun kusa arba'in ba mu yi komai ba, sai su kwantar da hankali), ya fitar da kundin farko na hikayoyin dabbobi: hikaya 124 cikin littafi shida, da zane-zanen François Chauveau, ya sadaukar da shi ga yarima mai jiran gado, yaro ɗan shekara shida.

Labaran ba nasa ba ne, kuma bai ɓoye ba. Yawancinsu na Isof ne, bawan nan na ƙasar Girka da ake jingina wa tatsuniyoyin dabbobi, da kuma Phaedrus wanda ya mayar da su waƙa cikin Latin a ƙarni na farko. Kowane ɗan makaranta a Faransa ya san su. Wani babban lauya masanin harshe, Olivier Patru, ya ma ba shi shawarar kada ya ɓata lokacinsa, domin a ganinsa adon hikaya shi ne gajarta da rashin ado, kuma ƙa'idojin waƙa za su tilasta masa ja da magana. Lafonten ya amsa wannan a gabatarwar littafin, ya kafa hujja da cewa Sukrat kansa, yana tsare yana jiran ranar kisa, abin da ya shagala da shi shi ne mayar da labaran Isof waƙa. Amma amsar gaskiya tana cikin yadda ya gina ɗangogin nasa, kuma a nan zan roƙi malaminmu na Hausa ya gyara zama.

Mu a rubutacciyar waƙar Hausa nauyin gaɓa muke aunawa. Akwai gaɓa mai nauyi, akwai marar nauyi, kuma yadda suke jeruwa shi ke ba da kari, ko Kamil ne, ko Mutaƙarab, ko Basiɗ, ko Ramal, kamar yadda muka gada daga arulin Larabci. Idan mawaƙi ya ɗauki kari, to ya ɗauka ke nan har ƙarshen waƙa. Idan ya zaɓi ƙwar biyu ko ƙwar biyar, haka zai tafi. Babban amsa-amonsa kuwa, ko wa ne ko ba ko ya, shi zai riƙa dawowa a ƙarshen kowane baiti ko da baitocin sun kai ɗari. Faransawa ba sa auna nauyi, ƙirga gaɓoɓi suke yi. Sarkin ɗangoginsu shi ne mai gaɓa 12, wanda suke kira alekzandaran, da ɗan numfasawa bayan gaɓa ta shida. Shi ne ɗangon manyan wasannin kwaikwayo, ɗangon sarakuna da jarumai. Ƙasa da shi akwai mai gaɓa 10, da mai 8 wanda ya fi sauri da sauƙi, da mai 7. A al'adar manyan waƙoƙinsu, su ma idan an ɗauki ɗaya shi ake bi.

Lafonten sai ya ƙi. A cikin hikaya ɗaya zai sa mai 12, ya bi shi da mai 8, ya koma mai 10, ya jefo mai 3 ko mai 2. Ba shi ya ƙirƙiro wannan salo ba, ana amfani da shi a ƙananan waƙoƙin nishaɗi kafin shi, amma shi ne ya mayar da shi kayan aiki. Kuma a lura, kowane ɗango a kan kansa cikakke ne, ƙirgarsa daidai, babu gaɓar da ta yi rara ko ta gaza. Abin da yake sauyawa shi ne tsawon, kuma ba ya sauyawa sai da dalili. Idan zaki zai yi jawabin fada sai ɗango ya miƙe kamar babbar riga. Idan ɓera zai gudu sai ya gajarce.

Amsa-amonsu ma ba ɗaya ba ne daga farko har ƙarshe, sabo ake ɗaukowa bayan kowane ɗango biyu ko huɗu. Hanyoyin jera shi uku ne. Ko dai a yi shi bi-da-bi, na ɗaya da na biyu su amsa wa juna, na uku da na huɗu su ma haka. Ko a yi tsallake, na ɗaya ya amsa wa na uku, na biyu ya amsa wa na huɗu. Ko kuma a yi runguma, na ɗaya da na huɗu su sa na biyu da na uku a tsakiya. Bugu da ƙari suna da wata doka mai tsauri: amsa-amo iri biyu ne, wanda ya ƙare da wani wasali da ake rubutawa ba a furtawa sosai, suna ce masa na mata, da wanda bai ƙare da shi ba, na maza, kuma dole a riƙa musanya su, ba a jera nau'i biyu na maza ko na mata a jere. Wannan doka Lafonten ya kiyaye ta. Wato mutumin da ake ce wa malalaci ya ɗaure kansa da igiya a inda ake ɗaurewa, ya saki a inda ya ga sakin zai yi magana.

Mu koma ga gyaren da ya sa ni yankan ciyawa. Waƙar ɗango 22 ce, ita ce ta buɗe littafi na farko, kuma 21 daga ciki gaɓa bakwai-bakwai ne. Ɗango na biyu, mai gaɓa uku, shi ne wanda ya faɗi tsawon lokacin da gyare ya kwashe yana rera waƙa, wato dukkan watannin ɗumi da ake tara abinci a ƙasarsu. Watanni ne cur, amma mawaƙin ya dunƙule su cikin gaɓa uku, kafin ka buɗe baki sun wuce, sai ga iskar hunturu. Ashe ba mai buga littafi ba ne ya yanke layin, lokacin jin daɗi ne ya yi gajarta. Sannan a duba amsa-amo. Ɗango 14 na farko bi-da-bi suke tafiya, kamar sawun mai zuwa roƙo: yunwa ta zo, ya tafi gidan maƙwabciya, ya nemi rancen hatsi zuwa kaka, ya yi alkawarin biyan uwa da riba. Da aka zo kan tururuwa sai tsarin ya juya ya koma runguma, ɗango huɗu sau biyu, kowanne ya rufe a inda ya buɗe kamar an turo ƙyaure an sa sakata. Tururuwa ta yi tambaya, ta ji amsa, ta yi masa gatse, waƙa ta ƙare.

Babu darasin da aka rubuta a ƙarshenta. A aji an koya mana cewa tururuwa ce mai gaskiya, a yi tanadi, a guji lalaci. Amma mawaƙin bai faɗi haka ba, hasali ma ya ambaci rowar tururuwa a fili. Kuma wanda ya rubuta ta mutum ne da bai taɓa iya tanadi ba, wanda ya sayar da gonakinsa ɗaya bayan ɗaya, har gidan da aka haife shi ya sayar a 1676 don biyan bashi, wanda duk rayuwarsa waƙa yake yi a ƙofar masu rumbu. Ku yanke hukunci da kanku a kan wanda ya fi kusa da zuciyarsa.

Haka yake wasa da wurin ajiye darasi a sauran hikayoyin. A tsohon tsari labari ne ke zuwa, darasi ya biyo baya kamar ƙurunƙus. A Kyarkeci da Ɗan Tunkiya sai ya fara da darasin, cewa hujjar mai ƙarfi ita ke rinjaye, don haka kana karanta kyawawan amsoshin ɗan tunkiya kana sane da cewa ba za su cece shi ba. A Hankaka da Dila kuwa, mai ɗango 18, a bakin dila ya sa darasin, wato ɓarawon da ya yi daɗin baki har cuku ya faɗo shi ne kuma ya tsaya yana wa'azi a kan illar sauraron masu daɗin baki.

Uwargidansa ta fadar Luxembourg ta rasu a 1672, sai wata mata mai ilimi, Madame de La Sablière, ta ba shi masauki a gidanta, ya zauna shekara 20. Gidan matattarar masana ne, cikinsu har da François Bernier, likitan da ya yi shekaru a daular Mugal ta Indiya. A 1678 da 1679 Lafonten ya fitar da kundi na biyu, littafi na 7 zuwa na 11, kuma ya bayyana cewa da yawa daga cikin labaran ya samo su ne daga wani mai hikima na Indiya da suke kira Pilpay. Wannan Pilpay ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne Baidaba na littafin Kalila wa Dimna, wanda Ibn Muƙaffa ya juya zuwa Larabci a ƙarni na 8, wanda kuma ke cikin taskar malamanmu na zaure. Ya isa Faransa ta hanyar wata fassara daga Farisanci da aka buga a 1644. Tun a zamanin Abbasiyawa ma wani mawaƙi, Aban al-Lahiƙi, ya mayar da Kalila waƙa mai amsa-amo bi-da-bi. Saboda haka idan ka karanta labarin yarinya mai tallan madara da ta yi ta lissafin ƙwai da kaji da saniya har tulun ya faɗi, za ka ji ƙamshin labarin mai zuhudun nan da ya fasa tulun zumarsa da sanda yana cikin mafarkin arziki.

Hikayar da ta buɗe wannan kundi ita ce Dabbobi Masu Fama da Annoba, kuma a ganina ita ce gwanintarsa. Ya fara da kwatanta bala'in yana jan rai, bai ambaci sunan cutar ba sai a ɗango na huɗu, kamar yadda ake tsoron kiran sunan mugun abu. Zaki ya tara majalisa, ya ce fushin sama ne, kowa ya faɗi zunubinsa a sadaukar da wanda ya fi laifi. Ya fara da kansa, cikin dogayen ɗangogi masu kwarjini, ya amsa cewa ya cinye tumaki da yawa da ba su yi masa komai ba. Sannan a ƙarshen ikirarin ya ƙara da cewa wani lokacin ma yakan haɗa da mai kiwon nasu. Wannan laifi, wanda ya fi duka girma tun da ran mutum ne, shi mawaƙin ya ajiye shi kaɗai a ɗango mai gaɓa uku. Zaki ya faɗe shi da sauri kamar mai share bakinsa, amma a kan takarda yana tsaye shi kaɗai, fili ta ko'ina, ido ba ya iya tsallake shi. Dila ya miƙe ya wanke sarki tas, ya nuna ai girmamawa ce ga tumaki a ce zaki ya ci su. Damisa da sauran masu farce aka wuce su ba bincike. Sai jaki ya ce shi ma ya tuna wata rana yunwa ta sa ya ɗan lashi ciyawar wani fili da ba nasa ba, gwargwadon faɗin harshensa. Nan take majalisa ta ɗauki ihu, kyarkeci ya kawo hujjojin shari'a, aka kashe jaki.

Wanda ya rubuta wannan ya ga shari'ar Fouquet da idonsa, ya san fada ciki da waje, kuma ya san ba a faɗa wa Luwi na 14 irin wannan magana da baki. Sai ya faɗe ta da tsawon layi. Ni kuwa na taɓa zama sakataren wani kwamitin bincike a kan kayan da suka ɓace a sito. Manya suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi bayani mai tsawo cikin Turanci mai kyau, aka gode musu. Wani masinja da aka kira don cike ƙa'ida ya ce shi dai ya taɓa ɗaukar rabin bandir na takarda ya kai wa 'yarsa mai jarrabawa. Sunansa ne kaɗai ya fito a shafin shawarwari, kuma ni na buga rahoton da hannuna. A daren nan ne na lalubo littafin Lafonten daga ƙasan akwati.

Kada a ɗauka sauƙin da ake ji a waƙoƙinsa haka ya zo masa. An sami rubutun farko na wata hikayarsa, ta Dila da Ƙudaje da Bushiya, kuma da aka gwada shi da wanda aka buga, ɗango biyu ne kawai suka tsira. Duk da haka ba kowa ya yaba ba. Abokinsa Boileau ya rubuta littafin ƙa'idojin waƙa a 1674, ya bi nau'o'in waƙa ɗaya bayan ɗaya, bai ko ambaci hikaya ba. A 1762 Rousseau ya ce bai kamata a ba yara su haddace su ba, don yaro zai so ya zama dila ne ba hankaka ba, kuma in na tuna wasu 'yan ajinmu sai in ga yana da hujja. A ƙarni na 19 mawaƙi Lamartine ya soki ɗangogin da cewa ɗingishi suke yi, ba su da daidaito. Ashe malaminmu na Hausa yana da manyan abokan ra'ayi. Inda na saɓa masa, cikin ladabi, shi ne ɗingishin da gangan ne, kuma ma'aunin da ya ɗora waƙar a kai ba nata ba ne.

A 1683 Colbert ya mutu, aka sami gurbi a Majalisar Masana Harshen Faransanci mai kujera 40. Mambobi suka zaɓi Lafonten ya hau kujerar mutumin da ya hana shi fansho. Sarki ya ƙi sa hannu, sai da aka zaɓi Boileau a wani gurbin sannan ya amince, aka karɓi Lafonten ranar 2 ga Mayu 1684, kuma bisa al'ada dole ya yi jawabin yabon wanda ya gada. A ƙarshen 1692 ya kwanta ciwo mai tsanani. A Janairun 1693 Madame de La Sablière ta rasu, a Fabrairu kuma ya barranta daga labaransa na batsa a gaban wakilan majalisar. Ya murmure, iyalin d'Hervart suka ɗauke shi, ya kammala littafi na 12 wanda ya sadaukar ga jikan sarki, jimillar hikayoyinsa ta kai wajen 240. Ya rasu a gidansu ranar 13 ga Afrilu 1695 yana da shekara 73. Da aka zo shirya gawarsa sai aka tarar yana sanye da wata riga mai kaushi ta gashi, irin wadda masu tuba a addininsu ke sawa a ɓoye don horar da jiki. An binne shi a wata maƙabarta a tsakiyar Faris, sannan a 1817 aka kai abin da ake kyautata zaton ƙasusuwansa ne maƙabartar Père-Lachaise, kusa da Molière.

Littafin da na ce na lalubo daga ƙasan akwati kuwa, akwai hatimin ɗakin karatun makarantarmu a shafinsa na farko, da ranar da ya kamata in mayar da shi, cikin zangon ƙarshe na aji uku. Zan zo da shi taron shekara in Allah ya kai mu. Ina roƙon Ma'ajin ƙungiya ya lissafa tarar da rangwame, kuma idan malaminmu na Faransanci ya samu zuwa, ya taho da rularsa, na haddace duka 22 ɗin.